Layin gani da dokokin hange a wasannin yaƙin sararin samaniya na kan tebur

Layin gani da dokokin hange rukuni ne na ƙa'idoji a wasannin yaƙin sararin samaniya da ake bugawa a kan tebur. Su ne ke fayyace ko wani jirgi yana iya ganin jirgin abokin gaba, ko ya san wane iri ne, da kuma ko yana da damar harbinsa. A irin waɗannan wasanni mutum biyu ko fiye kan jera ƙananan samfuran jiragen sararin samaniya na roba ko na ƙarfe, ko 'yan guntayen kwali masu hoton jirgi, a kan taswira ko baƙin ƙyalle. Suna motsa jiragen bi da bi, suna jefa dayis irin na ludo don sanin sakamakon harbi.

Layin gani shi ne miƙaƙƙen layin da ake ja daga mai harbi zuwa abin da zai harba, don a duba ko wani abu ya shiga tsakani. Dokokin hange kuwa sun shafi na'urorin da jirgi ke gano abubuwa da su, kamar rada da na'urar jin zafi, da dabarun da abokin gaba ke bi don ya ruɗe su. A wasannin yaƙin ƙasa, tudu da daji da gini ne ke ɓoye soja. A sararin samaniya irin waɗannan abubuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, don haka yawancin masu tsara wasanni suka rage dogaro da layin gani, suka mayar da nauyin kan na'urorin hange.

Tushen matsalar

Ɗan wasan da ke zaune a gaban tebur yana ganin komai. Ya san inda kowane jirgin abokin karawarsa yake, ya san girmansa, ya ga inda ya dosa. Kyaftin ɗin da ake riya yana cikin jirgin ba shi da wannan sani. Aikin waɗannan dokoki shi ne su raba abin da ɗan wasa ya sani da abin da jirginsa ya sani, su hana shi amfani da na farkon a matsayin na biyun.

Akwai kuma dalili na biyu. Idan kowane jirgi zai iya ganin kowane jirgi tun daga zagayen farko, kuma babu abin da ke tare harbi, to wanda ya fi doguwar bindiga ne zai riƙa cin wasa kullum, motsi da dabara su rasa amfani. Layin gani da dokokin hange ne ke sa ɗan wasa ya yi tunanin inda zai tsaya, lokacin da zai buɗe wuta, da lokacin da ya fi dacewa ya yi shiru.

Tarihi

Batun ya girmi wasannin sararin samaniya. A shekarar 1824 wani hafsan sojan masarautar Prusiya, Georg von Reisswitz, ya wallafa dokokin Kriegsspiel, wasan da aka riƙa horar da hafsoshi da shi. A cikinsa alƙalin wasa ne kaɗai ya san inda dukkan runduna take, kuma ba ya nuna wa kowane ɓangare sai abin da sojojinsa za su iya hangowa. Wannan rashin cikakken sani shi ake kira hazon yaƙi. A shekarar 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da Little Wars, inda ake harba ɗan itace daga ƙaramar igwar wasa mai sifirin. A can ba a buƙatar dokar layin gani, domin duk abin da ya tare harbin ya tare shi a zahiri.

Wasannin yaƙin teku ne suka fi yi wa na sararin samaniya tasiri. Fred T. Jane ya fitar da nasa a 1898, Fletcher Pratt kuma ya wallafa nasa a 1940, inda 'yan wasa ke kintatar nisan jirgi da ido kafin a auna. Wasan Midway na kamfanin Avalon Hill, na 1964, ya sanya shinge tsakanin allon 'yan wasa biyu, kowa na kiran yankin teku da yake so ya bincika.

A 1972 Lou Zocchi ya fitar da Star Trek Battle Manual, wanda daga baya ya koma Star Fleet Battle Manual a 1977. A wannan wasa mai harbi kan faɗi kusurwar da yake so da digiri, sai a miƙa zare daga jirginsa zuwa wannan kusurwa. Idan zaren ya ratsa jirgin abokin gaba, harbi ya samu. A 1973 kamfanin Game Designers' Workshop ya fitar da Triplanetary na Marc Miller, wanda ya ba jirage da sansanoni iyakar nisan da suke iya gano wani jirgi. Daga nan sai Star Fleet Battles na Stephen V. Cole a 1979, wanda ya faɗaɗa dokokin hange fiye da na gabaninsa. Bayansa aka samu Full Thrust na Jon Tuffley a 1991, Battlefleet Gothic na kamfanin Games Workshop a 1999, Star Wars: X-Wing a 2012, Star Wars: Armada a 2015, da Dropfleet Commander a 2016.

Fina-finai ma sun taka rawa. Kashin shirin Star Trek mai suna Balance of Terror, na 1966, shi ya gabatar da na'urar ɓacewa ta jiragen Romulan, kuma an gina labarinsa kan salon farautar jirgin ruwa mai nutso. Fim ɗin Star Trek II na 1982 ya nuna faɗa cikin gajimaren gas da ke makantar da na'urori da kashe garkuwa. Wasanni da yawa sun ɗauki waɗannan abubuwa biyu suka mayar da su doka.

Yadda ake jan layin gani

Akwai manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce taswira mai gidaje masu kusurwa shida, kamar ta Star Fleet Battles da Triplanetary. Ana jan layi daga tsakiyar gidan mai harbi zuwa tsakiyar gidan abin hari, a duba gidajen da ya ratsa, nisa kuma a ƙirga shi da yawan gidaje. Wannan hanya tana rage gardama, sai dai tana da matsala guda: wani lokaci layin kan bi daidai kan iyakar gidaje biyu, shi ya sa littattafan doka ke tanadar ƙa'ida ta musamman don irin wannan yanayi.

Hanya ta biyu ita ce buɗaɗɗen tebur da ake auna nisa da rula ko tef. A nan tambaya ta farko ita ce daga ina za a fara awo, domin samfurin jirgin ya fi girman da ya kamata ya kasance a ma'aunin tebur nesa ba kusa ba. Wasanni sun amsa ta hanyoyi dabam-dabam:

Battlefleet Gothic yana auna komai daga siririyar sandar da ke riƙe da samfurin a kan gindinsa. Dokar ta ɗauka cewa ainihin jirgin ɗigo ne a wannan wuri, samfurin kuwa alama ce kawai.

X-Wing yana aunawa daga wurin da ya fi kusa a gindin mai harbi zuwa wurin da ya fi kusa a gindin abin hari, da rula mai kashi 3, kowane kashi kimanin santimita 10.

Armada ya raba yawancin manyan jirage sassa 4: gaba, baya, hagu da dama. Kowane sashe yana da ɗigo ruwan ɗorawa a kan gindin jirgin, kuma ana jan layi daga ɗigon sashen da zai yi harbi zuwa ɗigon sashen da za a harba. Idan layin ya bi ta wani sashe dabam na jirgin da ake hari kafin ya kai, to babu layin gani.

Wannan ya bambanta da tsarin da wasannin yaƙin ƙasa irin su Warhammer 40,000 suka bi, musamman daga bugu na biyar na 2008, inda ɗan wasa ke sunkuyawa ya duba daga idon samfurin sojansa. Irin wannan duba ba ya aiki ga jiragen sararin samaniya, saboda tsawon sandar da samfurin ke kai ba ya nuna ainihin tsayin da jirgin yake.

Abin da ke tare layi

A yawancin wasannin jirgi ba ya tare jirgi. Hujjar ita ce sararin samaniya yana da sama da ƙasa, tebur kuwa shimfiɗaɗɗe ne, don haka jirage uku da suka jeru a kan tebur ba lalle su kasance a layi ɗaya a zahiri ba. Abubuwan da kan tare gaba ɗaya su ne manya: duniyoyi, watanni, da filayen duwatsun sararin samaniya a wasu wasannin. A Battlefleet Gothic ba a harbi ta cikin duniya ko ta ƙetaren filin duwatsu.

Tsakanin gani sarai da rashin gani akwai mataki na uku, wato gani dishi-dishi, inda harbi ke yiwuwa amma da wahala. A X-Wing, idan layin ya bi ta kan dutse, mai kare kai yana samun ƙarin dayis ɗaya na kariya. A Armada mai harbi ne ke cire dayis ɗaya daga nasa, kuma a can jirgin da ya shiga tsakani ma yana jawo wannan ragi. Battlefleet Gothic yana da alamomin fashewa, waɗanda ake ajiyewa kusa da jirgi duk lokacin da garkuwarsa ta tare harbi. Wanda ya harba manyan bindigogi ta cikin irin wannan alama sai ya matsa shafi ɗaya zuwa dama a jadawalin harbi, abin da ke rage yawan dayis ɗinsa. Ma'ana, shi kansa faɗan yana haifar da hazon da ke dushe gani, kuma filin da ya fara a buɗe yana ƙara cushewa yayin da wasa ke tafiya.

Kusurwar harbi

Ganin jirgi bai isa a harbe shi ba, sai makamin ya fuskance shi. Kowane makami yana da kusurwar da yake iya juyawa a cikinta. Battlefleet Gothic ya raba kewayen jirgi kashi 4, kowanne digiri 90. Full Thrust ya fara da kashi 4, sannan littafinsa na Fleet Book 1 na 1998 ya mayar da su 6, kowanne digiri 60, kuma a ƙa'idarsa ta asali jirgi ba ya harbi ta baya saboda injinsa na dagula na'urorinsa ta wannan ɓangare. Star Fleet Battles ya ba kowane jirgi garkuwa 6, ɗaya ga kowace fuska ta gidan da yake ciki, layin da aka ja ne kuma ke nuna garkuwar da harbi zai faɗa wa.

A filin da babu maɓoya, kusurwar harbi ce ke maye gurbin tudu da bango. Jirgin da ya shiga bayan abokin gaba ya samu irin kariyar da soja ke samu a bayan gini, ko da yake ana ganinsa ƙuru-ƙuru.

Kama saiti

Kama saiti shi ne na'urorin jirgi su riƙe abin hari sosai har makamai su iya binsa. A Star Fleet Battles kowane jirgi yana da takardar da ke nuna dukkan sassansa, cikinsu har da jerin lambobi biyu na na'urorin hange. Jeri na farko yakan fara daga 6 yana raguwa yayin da jirgin ke shan rauni. A farkon kowane zagaye ana jefa dayis, idan ya fito daidai da lambar ko ƙasa da ita saiti ya kamu. Lafiyayyen jirgi ba ya faɗuwa wannan gwaji, amma wanda aka lalata wa na'urori yana iya faɗuwa, kuma idan ya faɗi ana ninka nisan da ke tsakaninsa da abin hari sau biyu wajen lissafin harbi. Jeri na biyu yana farawa daga 0 yana ƙaruwa da rauni, kuma ana ƙara lambarsa a kan nisan. Da haka wasan ya bambanta ainihin nisa da nisan da makami ke ji.

Sauran wasanni sun sauƙaƙa abin. A X-Wing matuƙi kan sadaukar da aikinsa na zagayen ya ɗora alamar saiti a kan jirgin da ke cikin nisan rula, daga baya ya kashe alamar don sake jefa dayis ɗin da bai yi masa kyau ba. Makamai masu linzami da yawa ba sa tashi sai da wannan alama. A Full Thrust yawan na'urorin sarrafa harbi da jirgi ke da su shi ne yawan jiragen da zai iya hara a zagaye ɗaya, idan kuma suka lalace duka, bindigoginsa sun zama ado.

Na'ura mai aikawa da mai saurare

Na'urorin hange iri biyu ne. Mai aikawa, kamar rada, tana tura sigina ta jira ta dawo. Mai saurare ba ta tura komai, tana karɓar zafi ko haske ko siginar da wani ya fitar ne kawai. Ta farkon tana ba da bayani mafi inganci, amma tana tona asirin mai ita, kamar mutumin da ya kunna tocila cikin duhu: yana ganin 'yan taku kaɗan a gabansa, shi kuwa ana hango shi daga nesa. Wasannin Game Designers' Workshop irin su Star Cruiser na 1987 da Brilliant Lances na 1993 sun gina faɗansu kan wannan bambanci, har ta kai gano abokin gaba kafin ya gano ka ya kan fi ƙarfin makami muhimmanci.

Dropfleet Commander ya mayar da wannan ra'ayi ginshiƙin wasa. A cikinsa yawancin makamai ba su da ƙayyadadden nisa. Kowane jirgi yana da lambobi biyu: nisan hangensa, da sawunsa, wato yawan zafi da siginar da yake fitarwa. Nisan harbi shi ne hangen mai harbi a tara da sawun abin hari. A bugun farko, ƙaramin tashin makamashi yana ƙara inci 6 a kan sawun jirgi, babba kuma inci 12. Misali, idan jirgi mai hangen inci 6 yana farautar wani mai sawun inci 6, zai iya harbinsa daga inci 12. Idan wancan ya buɗe dukkan makamansa lokaci guda, sai ya jawo wa kansa babban tashi, a iya harbinsa daga inci 24. Idan kuwa ya zaɓi tafiyar shiru, sawunsa ya koma 0, sai an matso inci 6 kafin a taɓa shi, amma shi ma ba zai yi harbi ba. Jirgin da ya yi amfani da na'ura mai aikawa don haska wani, shi ma yana bayyana kansa. Jiragen ƙabilar Shaltari a wasan suna da sawu biyu, ƙarami idan garkuwarsu na kashe, babba idan sun kunna ta, don haka kariyar da ke tare harbi ita ce kuma ke gayyato shi.

Battlefleet Gothic yana da ɗan abin da ya yi kama da haka. Idan jiragen abokin gaba suna kan umarni na musamman, makamashin da suke fitarwa yana sa ɗaya ɓangaren ya samu ƙarin maki 1 a gwajin shugabanci.

Rikita sigina da ɓacewa

Jirgi na iya cika sarari da siginar ƙarya don ruɗe na'urorin abokin gaba, shi kuma abokin gaban ya kashe makamashi wajen tace ta. Star Fleet Battles yana kiran na farkon ECM, na biyun ECCM. Ana cire makin mai tacewa daga makin mai rikitawa, abin da ya rage ya koma ƙari a kan dayis ɗin mai harbi: maki 1 zuwa 3 na ƙara 1, maki 4 zuwa 8 na ƙara 2, maki 9 zuwa 15 na ƙara 3. Tun da ƙaramar lamba ce ta fi kyau ga mai harbi a wannan wasa, kowane ƙari asara ce gare shi. Makamashin da aka zuba a nan kuwa daga rumbu ɗaya yake fitowa da na gudu da garkuwa da makamai, saboda haka kowane maki sai an rage wani abu kafin a same shi.

Na'urar ɓacewa, wadda ke yi wa jirgi aiki irin na layar zana a labaran gargajiya, ita ce ƙarshen wannan dabara. A dokar Star Fleet Battles ta yau da kullum ba a ɗauke alamar jirgin da ya ɓace daga taswira. Ana dai ninka nisan idan saiti ya kuɓuce, a kuma ƙara 5. Jirgin da ke nisan gida 4 sai ya zama kamar yana gida 13. A madadin haka ba ya iya harbi, kuma na'urar tana cin makamashi mai yawa. X-Wing ya shigo da ɓacewa a 2014 tare da jirgin TIE Phantom: ɓataccen jirgi yana samun ƙarin dayis 2 na kariya, ba ya harbi, kuma idan zai bayyana yana tsallakawa gefe ko gaba, alamar cewa tun farko ba a san takamaiman wurinsa ba. Da farko matuƙinsa na iya jira ya ga motsin yawancin jiragen abokin gaba kafin ya zaɓi inda zai ɓullo. Wannan ya ba shi rinjaye sosai a gasa, har kamfanin Fantasy Flight Games ya canza dokar a 2015, ya wajabta bayyana kafin jirage su fara motsi.

Ɓoye bayani a zahiri

Dokokin da aka ambata a sama suna wahalar da harbi ne, amma ba sa ɓoye wa ɗan wasa komai. Wasu wasannin kan ɓoye ainihin bayanin, ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi:

Alamar da ba a tantance ba. A Full Thrust jirgi kan shigo tebur a matsayin alama marar suna, ba a ɗora samfurinsa sai an matso kusa ko an bincike shi da na'ura. Wasu alamomin na bogi ne, wasu kuma ƙananan jirage ne da ke kwaikwayon siginar manya. Space Hulk na 1989, wanda faɗansa ke gudana cikin lungunan tsohon jirgi, ya shahara da irin wannan alama da ake juya ta idan ta shiga layin gani.

Kwali a kife. A Space Empires 4X na 2011 rundunonin jirage suna yawo a kife, ana ganin inda suke amma ba a san irinsu ko yawansu ba sai an haɗu.

Rubutaccen umarni. A Full Thrust kowa na rubuta motsin jiragensa a asirce kafin a motsa, a X-Wing kuma ana zaɓar motsi a kan ɗan faifai a kife shi. Abin da aka ɓoye a nan shi ne niyya.

Allo biyu da alƙali. Kowane ɓangare da taswirarsa, alƙali na faɗa masa abin da na'urorinsa suka gano. Ita ce hanyar da ta fi kusa da hazon yaƙi na gaske, amma tana buƙatar mutum na uku, kuma tana cin lokaci.

Dangantaka da kimiyya

Wasu daga cikin dokokin suna da tushe a kimiyyar lissafi da fizik. Ƙarfin siginar rada da ta je ta dawo yana raguwa sau 16 idan nisa ya ninka biyu, amma ga wanda ke sauraronta daga can, raguwar sau 4 ce kawai. Wannan ne ya sa ake jiyo rada daga nisan da ya wuce wanda ita take iya gani.

Wasu dokokin kuma sun saɓa wa kimiyya. Zafin bangon sararin samaniya kimanin digiri 2.7 ne a ma'aunin Kelvin, kuma tun da babu iska ko ruwan da za su kwashe zafi, jirgi ba shi da hanyar rabuwa da zafin injinsa da na mutanen cikinsa sai ta fitar da shi a matsayin hasken infirared. Saboda haka jirgi mai aiki yana haskawa a cikin wuri mai tsananin sanyi. Ken Burnside, wanda ya tsara Attack Vector: Tactical na 2004, ya yi amfani da wannan hujja a maƙalarsa The Hot Equations wajen nuna cewa ɓuya a sararin samaniya abu ne mai matuƙar wuya. Wasansa bai dogara da ɓuya ba. Ya mayar da hankali kan motsi ta fuska uku, da tubalan da ke karkata samfurin jirgi da waɗanda ke nuna tsayinsa.

Haka ma cunkoson duwatsun da ake gani a fim ɗin The Empire Strikes Back na 1980 da kan teburan wasa bai yi kama da gaskiya ba. A zoben duwatsun da ke tsakanin duniyar Mars da Jupiter, tazarar da ke tsakanin manyan duwatsu kan kai ɗaruruwan dubban kilomita, kuma kumbon Pioneer 10 ya shiga zoben a 1972 ya fita lafiya.

Abin da ke iyakance sani a zahiri shi ne gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Haske na ɗaukar kusan daƙiƙa 1.3 daga wata zuwa duniya, da fiye da minti 8 daga rana. Wanda ya hango jirgi daga irin wannan nisa yana ganin inda yake a da ne, kuma kafin harbinsa ya isa jirgin ya sake gusawa. Don haka ana iya fassara dokokin kama saiti da cewa ba ganin jirgi suke aunawa ba, iya hasashen inda zai kasance suke aunawa.

Muhawara tsakanin 'yan wasa

Masu goyon bayan dokoki masu zurfi suna ganin su ne ke ba ƙananan jiragen leƙen asiri amfani, suke kuma ba mai raunin runduna damar yin nasara ta hanyar yaudara. Masu suka suna nuni da yawan lissafi da rubuce-rubucen da suke jawowa, da yadda suke tsawaita wasa da korar sababbin 'yan wasa. Shi ya sa a Star Fleet Battles da Full Thrust aka ware wasu daga cikinsu a matsayin na zaɓi, sai ɓangarorin biyu sun amince kafin a yi amfani da su.

A gasa kuma batun adalci ne. Motsin da aka rubuta a ɓoye yana da wuyar tantancewa idan babu alƙali, kuma a buɗaɗɗen tebur milimita ɗaya na iya raba harbin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Wannan ya sa 'yan wasa da yawa ke amfani da ƙaramar fitilar lesa mai zana layi a kan tebur, ya kuma sa wasannin da aka tsara don gasa, irin su X-Wing da Armada, suka bar jirage a bayyane, suka buga layukan kusurwa a kan gindin kowane jirgi, suka taƙaita aikin na'urorin hange zuwa ƙari ko ragin dayis.

Duba kuma

Kriegsspiel
Hazon yaƙi
Rada
Star Fleet Battles
Battlefleet Gothic
Wasannin yaƙi na ƙananan samfura